MAN TARANSIFA: KAURI BA SHI NE ƘARFI BA

 A wannan fitowa ba maganar farashi ko haraji ko takardar likitan dabbobi na zo da ita ba. Maganar mai ce, man da bai wuce lita ɗaya ko biyu ba, wanda yawancinmu ba mu taɓa leƙa inda ake zuba shi ba, amma kuma yana iya kwanar da mutum a daji da kuɗin shanu talatin a ƙugunsa. Ni dai ya kwanar da ni, shi ya sa na ga ya dace in rubuta, domin masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sanin kowa ne shanu ba a a-kori-kura suke zuwa Duwala ba. Tun da jirgin ƙasa ya isa Ngawundare a 1974 aka riƙa sauko da su a tarago, ga kuma manyan motoci da ke kawo su har mayankar SODEPA da ke Bonendale. To amma kafin saniya ta hau mota sai an je an saye ta, kuma inda ake samunta da sauƙi ba bakin kwalta ba ne. Sai an shiga irin su Ngawi da Gbiti a kan iyakar Afirka ta Tsakiya, ko Banyo ta wajen Najeriya, ko rugagen da ke bayansu. A can, a-kori-kura mai fowil ita ce dokin falke a yau. Ita ke ɗaukar maigida da yaransa, da gishiri da kanwa, da buhunan ƙulin auduga, har da maruƙan da suka kasa tafiya. Duk wanda motarsa ta ƙi shiga fowil a watan Agusta, to ya sani kasuwa ta ci ba da shi ba.

ABIN DA YA SAME NI

Na shekara fiye da goma da wata tsohuwar mota mai ƙaramar liba a gefen babbar libar giya. Duk tsawon lokacin nan man giya lamba 90 ake zuba mata, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Da Allah ya hore, sai na sayi wata okaziyon da aka sauke a tashar jiragen ruwa, ta zamani, wadda fowil ɗinta maɓalli ne ake murɗawa. Ana gobe za mu tashi zuwa Ngawi, na ba direbana kuɗi na ce ya je a yi mata juye gaba ɗaya, kada a bar komai. Ya kai ta wani wurin juye na bakin hanya a Yassa, can inda manyan motoci ke tsayawa kafin su kama hanyar Yawunde. Yaron wurin kuwa ya ɗebo mai lamba 140 daga duro, wanda yake zuba wa tireloli a aksul, ya cika mata ko'ina da shi.

Da direba ya dawo har da murnarsa. Ya ce, "Alhaji, yau an yi mata na gaske. Mai kauri kamar zuma aka zuba, ba irin jan ruwa-ruwan nan da muka tarar a ciki ba." Na ce madalla, har na ƙara masa na goro. Ka ji fa, da hannuna na biya ladan ɓarnar.

Mun bar New Bell bayan sallar asuba, muka haye gadar Dibamba, muka wuce Edeya da Yawunde. Bayan Bartuwa sai na fara jin wani siririn kuka a ƙarƙashin kujera, kamar na sauro. Na yi magana, direba ya ce, "Ranka ya daɗe, taya ce, sabuwa ce ba ta saba da kwalta ba." Muka kwana Garwa Bulai. Washegari, mun ci sama da kilomita 900 daga gida, muka sauka daga kwalta a Maiganga muka kama jar ƙasa, ga ruwa ana yi. A taɓon farko direba ya murɗa maɓalli, fitila ta yi ta ƙifta ido, fowil ya ƙi shiga. Da kyar muka fita da turi. Ba mu yi nisa ba sai ƙara ta koma gurnani, ƙauri ya cika mota, daga nan ta tsaya cik, injin na aiki amma taya ba ta juyawa.

Magariba ta yi mana a nan. Ba sai na gaya wa mai karatu abin da ake nufi da falke ya kwana a wannan hanya da kuɗi a jikinsa ba, kowa ya san labarin zargina da masu sace mutane a yankin. Wallahi ban runtsa ba. Allah ya tsare, da safe muka sami mai babur ya nemo mana motar da ta ja mu zuwa Maiganga. Kasuwa ta ci ta watse, shanun da dillalina ya riƙe mini wani ya saye.

Wani dattijon makanike ne ya sauke akwatin ya buɗe. Ya lakato man da yatsa, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Na ce, "Baba, ai mai kauri ne, an ce ya fi ƙarfi." Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji. In ka ɗura wa jariri tuwo don tuwo ya fi nono riƙe ciki, ka taimake shi ke nan?" Abin da dattijon nan ya koya mini a kwana huɗun da na yi ina jiran kaya daga Kam Yabasi, da abin da na bi na karanta daga baya, shi zan taƙaita a nan.

MENE NE TARANSIFA?

Taransifa wani ƙaramin akwati ne da ke manne a bayan akwatin giya. A littafin mota na Faransanci za ka ga an rubuta boîte de transfert, ko transfert kawai. Aikinsa biyu ne. Na farko, shi ke raba ƙarfin injin tsakanin furofelar baya da ta gaba idan an sa fowil. Na biyu, shi ke da ƙaramin giya, wato 4L, wanda ke rage gudu ya ninka ƙarfin ja, a Hilux kusan sau biyu da rabi, don fita daga taɓo ko hawan dutse da kaya.

Ga inda da yawanmu muke kuskure. Muna zaton tun da ba mu sa fowil ba, taransifa barci yake yi. A'a. Ko a 2H kake, duk ƙarfin da ke zuwa tayoyin baya ta cikinsa yake ratsawa. Daga Yassa har Maiganga sandar da ke cikinsa juyawa take yi a kan boris, kuma boris ɗin nan mai yake sha. Ni a kan kwalta aka kashe mini akwati, taɓo dai ya zo ya tona asiri ne kawai.

A cikin wasu akwatunan haƙoran giya ne zalla, su ke facaka da mai su watsa shi ko'ina. A wasu kuwa sarƙa ce mai faɗi ke kai ƙarfi gaba, kuma da yawansu suna da ɗan ƙaramin famfo da rariya, wanda ke zuƙo mai daga ƙasa ya tura shi ta wasu siraran ƙofofi zuwa boris. Wanda ya ƙera akwatin ya auna famfon nan da ƙofofin nan da wani irin kauri na mai. Idan ka zuba wanda ya ninka wannan kauri sau uku ko huɗu, famfo ba zai iya ja yadda ya kamata ba, musamman da sassafe a kan tudun Adamawa inda sanyi ke ƙara daskarar da shi. Akwati cike da mai, amma boris na mutuwa da ƙishirwa. Abin da ya sami tawa ke nan.

IRE-IREN MAN

Mai iri huɗu ne ake samu a taransifar motocin da muke hawa, kuma ba a musanya wani da wani.

Na ɗaya, man giya na sosai, wanda a jikin robarsa za ka ga 75W-90 ko 80W-90 ko 75W-85. Yana da wari mai hawa kai saboda farar wutar da aka sa masa don kare haƙoran giya.

Na biyu, jan mai, wato man giya mai canja kansa, wanda ake rubuta wa ATF. Siriri ne, idan ya yi zafi kaurinsa kusan rabin na lamba 90 ne. Launin ja da ke jikinsa rini ne aka sa don a bambanta shi. Shi ma iri-iri ne. Akwai Dexron wanda kamfanin General Motors na Amurka ya fito da shi a 1967, akwai Mercon na kamfanin Ford, kuma kowanne yana da lambobi a gabansa.

Na uku, man taransifa na musamman da kamfanin mota ya haɗa don akwatinsa, kamar siririn 75W na sababbin Toyota. A Amurka ma akwai wani shuɗi da ake kira Auto-Trak II, na wasu manyan a-kori-kura ƙirar Chevrolet da GMC.

Na huɗu, wanda zai ba mai karatu mamaki, akwai motocin da littafinsu 5W-30 ya rubuta, wato irin kaurin baƙin man inji.

Lamba 140 da yaran bakin hanya ke yabo fa? Wannan kusan ninki biyu ne na 90 a kauri, kuma an yi shi ne don aksul na manyan motoci masu ɗaukar tan-tan na kaya. A wurinsa ba shi da laifi. A taransifar a-kori-kura kuwa ba shi da gurbi.

WACE MOTA, WANE MAI?

Ga abin da aka saba gani a littattafan motocin da suka fi yawa a hannunmu. Na kawo shi ne don a ga girman bambancin, ba don ya maye gurbin littafin motarka ba.

Toyota Hilux masu ƙaramar liba, tun daga tsofaffi har ƙirar da aka yi tsakanin 2005 da 2015, man giya 75W-90 suke sha, GL-4 ko GL-5. Ƙirar 2005 zuwa 2015 kimanin lita ɗaya take ɗauka.

Hilux da aka fara fitarwa a 2015 masu maɓallin murɗawa, littafinsu man taransifa na Toyota mai alamar LF, lamba 75W, ya rubuta, shi ma kimanin lita ɗaya. Ka ga suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma mai daban.

Land Cruiser a-kori-kura, irin 75 da 79 masu injin 1HZ da muka fi yarda da su a daji, 75W-90 ne, GL-4 ko GL-5, kimanin lita biyu.

Nissan Navara ƙirar D40, jan mai ne, Matic D na Nissan ko Dexron III. Ford Ranger da aka fara a 2011 ita ma jan mai ce. Mitsubishi L200 kuwa man giya ne 75W-85, GL-3 ko GL-4. Wasu Isuzu su ne masu 5W-30 ɗin da na ambata.

Kada wani ya ce maka ai mai sarƙa jan mai ne, mai haƙora man giya ne, shi ke nan. Hilux da yawa sarƙa gare su amma man giya suke sha. Haka kuma kada a ce tun da akwatin giyarka na hannu ne, to abin da aka zuba masa shi za a zuba wa taransifa. Navara mai giyar hannu akwatin giyarta man giya ne, taransifarta jan mai. Gida biyu ne maƙwabta, kowa da tukunyarsa.

YADDA AKE KARANTA JIKIN ROBA

Abu biyu za ka nema. Na farko lambar kauri, wadda ake sa wa SAE a gaba. A 75W-90, lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya yi zafi. Lambobin man giya da na baƙin mai ba ma'auni ɗaya ba ne. Man giya 90 bai ninka baƙin mai 40 ba, kusan kaurinsu ɗaya, haɗinsu ne ya bambanta. Saboda haka girman lamba kada ya ruɗe ka.

Na biyu alamar GL, wadda cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta tsara. GL-5 ya fi GL-4 yawan sinadarin farar wuta, domin an yi shi ne musamman don aksul inda haƙora ke gugar juna da ƙarfi. To amma yawan sinadarin nan ba ya shiri da zobban tagulla da ke cikin wasu akwatuna. Don haka 5 ba ta fi 4 daraja ba, aikinsu ne daban. Inda littafi ya ce GL-4 ko GL-5, kowanne ka samu ya yi. Inda ya ce GL-3 ko GL-4, tsaya a kan GL-4, tun da GL-3 ya yi wuyar samu yanzu.

A ƙasarmu mai zafi, wanda motarsa ke shan 75W-90 ya rasa shi a ƙauye, 80W-90 mai alamar GL da ta dace zai kai shi gida lafiya. Amma wannan sauƙi bai shafi mai 75W na musamman ko mai jan mai ba.

IN BABU LITTAFI FA?

Wannan ita ce matsalarmu ta gaske. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin sabuwar mota ya fi ƙarfin yawancin fatake, muka koma okaziyon. Mota za ta zo daga Beljiyam ko Jamus ko Dubai, littafinta ya ɓace, in ma ya zo da yaren da ba ka ji. Ga abin yi.

Ɗauki katin motarka ka kwafi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka kai wa wakilin kamfanin motar a nan Duwala, ka ce a duba maka man taransifa da yawan litarsa. Ko ka sa yaro mai waya ya nemo maka littafin ƙirar motar da shekararta a intanet, ya buɗe shafukan ƙarshe inda ake jera mayuka. Idan ka samu, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da takardun mota, ka kuma rubuta da fenti a cikin murfin inji, yadda ko ba ka nan direba zai nuna.

Kada ka dogara da launin man da ka tarar a ciki kawai, domin ba ka san abin da wanda ya riga ka ya zuba ba. Amma in ka ga jan mai ya fito, yaro kuma ya nufo ka da baƙi mai kauri, to dakatar da shi sai ka bincika.

Sa'an nan ka sayi man da kanka, a roba mai hatimi, a gidan mai ko shagon da ka amince da shi, kuma a fasa hatimin a gabanka. Man duro marar suna, ko na kwalbar da aka sake cikawa, ba ka san asalinsa ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Lita ɗaya ce fa ko biyu. Wanda ke cinikin bijimi bai kamata ya tsaya neman arha a nan ba, arha dai ba ta ado. Kuma ka riƙa tafiya da lita ɗaya ta ajiya a bayan kujera, domin 75W na musamman ba a kowane gari za ka same shi ba, ko a nan ko a ƙetaren iyaka.

RUWA, BABBAN MAƘIYI

Ko ka zuba man da ya dace, akwai sauran rina a kaba. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, kuma duk mazaunin New Bell ya san yadda titi ke komawa kogi a Yuli da Agusta. A daji kuma ga rafuka marasa gada. A saman taransifa akwai ɗan hancin da yake numfashi da shi. Idan akwati ya yi zafi ka tsunduma shi cikin ruwan sanyi, iskar da ke ciki sai ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta bakin sil. Ruwa da mai in suka haɗu sai su koma kamar shayi mai madara, kuma wannan ba ya kare ƙarfe, tsatsa yake kawowa.

Saboda haka duk ranar da ruwa ya kai cikin motarka, wato ya rufe rabin taya ko ya wuce, ka sa a duba man taransifa da na aksul biyu cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya yi fari-fari a juye nan take, ko da jiya aka zuba shi. Masu yawan ƙetare rafi kan sa makanike ya ɗaura wa hancin siririn tiyo ya kai shi sama cikin ɗakin inji. Aiki ne ƙarami mai amfani babba.

YADDA AKE DUBAWA DA JUYEWA

Ko ba kai za ka yi ba, ya kamata ka san yadda ake yi don ka tsaya a kai.

A tsayar da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba, bayan ta ɗan yi tafiya man ya yi ɗumi. Akwatin na da noti biyu, na sama na zubawa, na ƙasa na juyewa. A fara kwance na sama tukuna. Dalili kuwa, in ka zubar da mai sa'an nan na sama ya cije, ka zauna ke nan. A tsofaffin Toyota yawanci sifana 24 ce ke kamawa.

Zura yatsa ta ƙofar sama. Mai ya kamata ya kasance daidai bakin ƙofar ko ɗan ƙasa kaɗan. In yatsa bai taɓo komai ba, akwai inda yake zuba, a duba sil na furofela gaba da baya. A tsofaffin Land Cruiser kuma akwai wata cuta sananniya: sil ɗin da ke tsakanin akwatin giya da taransifa kan mutu, mai ya riƙa ƙaura daga taransifa zuwa akwatin giya, ba ka ga ɗigo a ƙasa ba amma ɗaya ya bushe ɗaya ya cika ya batse. Don haka a duba su biyun tare.

Idan an kwance na ƙasa, a tari man a kwano mai tsabta a duba shi a rana. In notin na da mayen ƙarfe, ɗan laushin gari baƙi a jikinsa ba komai ba ne. Amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai kama da tsakuwa, ko ƙyalli ruwan zinariya a cikin man, ko ƙaurin ƙuna, to akwatin na neman likita, kada a kama doguwar hanya da shi. A sa sabuwar wosha, a ɗaure ba da ƙarfin tsiya ba domin jikin akwatin alminiyon ne, a zuba sabon mai da famfon hannu har ya fara dawowa ta ƙofar sama, a rufe. Famfon ma ya zama mai tsabta, ba wanda aka gama tura 140 da shi yanzu ba.

Yaushe ake juyewa? Ga mota mai aikin wahala irin tamu, kada a wuce kilomita 40,000, sai in littafinka ya faɗi ƙasa da haka. Wanda mitarsa ta mutu ya riƙe lokaci guda a shekara, alal misali ƙarshen damina, ko kafin hada-hadar babbar Sallah. Dubawa kuwa, kafin kowace doguwar tafiya. Minti biyar ne.

In kuma tsautsayi ya sa mai ya zube maka a daji ba ka da na ajiya, kowane mai mai tsabta ya fi akwati busasshe. Zuba abin da ka samu, ka tafi a hankali, da ka isa gari a juye a sa na ainihi.

ABU UKU DA MAI BA YA MAGANINSU

Na ɗaya, tafiya da 4H a kan busasshiyar kwalta a motar da fowil ɗinta na sa-da-cirewa ne. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, a taɓo sukan zame su huce, a kwalta kuwa babu zamewa, sai sarƙa da haƙora su sha wahalar. Da ka hau kwalta, cire fowil.

Na biyu, tayoyi masu girma daban-daban, gaba sabuwa babba, baya ƙarama ko suɗaɗɗiya. Wannan ma faɗa yake haɗawa a cikin akwatin duk lokacin da aka sa fowil.

Na uku, barin fowil wata da watanni ba a taɓa shi ba. Littattafan Toyota masu makullin taya a gaba sun ce a kulle a yi tafiyar kilomita 16 kowane wata, don mai ya zagaya kayan gaba. Sami hanyar ƙasa ka yi hakan, ko da rani ne.

DAGA ƘARSHE

Da na zauna na yi lissafi, da kuɗin akwati okaziyon, da na jan mota, da na makanike, da kwanakin da muka yi a masauki, kuɗin bijimi sukutum ya tafi, ban da ribar kasuwar da ta wuce ni, ban da daren da ba na fatan ko maƙiyina ya ga irinsa. Ban kori direbana ba, ban kuma je na yi wa yaron Yassa faɗa ba. Shi abin da ya saba zuba wa tirela ya zuba, direba kuma abin da ya gada daga tsohuwar mota ya ɗauka. Laifin nawa ne, ni da na san in buɗe bakin saniya in ƙirga haƙoranta kafin in taya, amma na sayi mota ban tambayi abin da take sha ba.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a ajiye littafi guda a ofis, kowane ɗan'uwa da ya tabbatar da man motarsa ya zo a rubuta ƙira da shekara da irin man da yawan lita, don na baya ya amfana. Ku kuma iyayen gida, yau ɗin nan a kira direba a tambaye shi, "Wane mai ne a taransifar motar nan, yaushe aka juye?" In ya tsaya sosa ƙeya, to kada motar ta wuce Yassa sai an duba.

Allah ya tsare mana hanya, ya kare mu daga sharrin dare da na daji, ya sa albarka a cinikinmu, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya. Amin.